Me ya sa manhaja ke ƙin hawa wayarka? Lambobi biyu ne ke yanke hukunci



Akwai wani saƙo da masu wayar Android da yawa sunka sani, ko da ba su jin Faransanci. Mutum ya shiga Play Store zai sauke manhaja, wadda muke ce ma aplikasiyo, sai a rubuto mishi: «Votre appareil n'est pas compatible avec cette version.» Ma'ana, wayarka ba ta dace da wannan fitowar ba. Wani kuma abokinshi ne zai turo mishi manhajar ta Xender, ta iso lafiya lau, amma da ya taɓa ta don ta hau sai wayar ta ce an samu matsala. Daga nan sai zargi ya tashi. Wannan ya ce reso ne, wancan ya ce memwar ta cika, wani ya kai ma mai gyara ya biya kuɗin filashin, ya komo gida abu na nan yadda yake.

Sau da yawa wayar lafiyarta ƙalau. Abin da ya faru shi ne, wanda ya ƙera manhajar ya rubuta wasu lambobi biyu cikinta tun kafin ya sake ta. Ta farko ita ke faɗin wace waya za ta karɓi manhajar, wace waya za a bari waje. Ta biyu ita ke faɗin da waɗanne dokoki manhajar za ta yi aiki in ta shiga. Yau za mu warware su ɗaya bayan ɗaya, don mai saye ya san abin da zai duba kafin ya fidda kuɗinshi, matasanmu masu koyon ƙera manhaja a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa kuma su san nauyin abin da suke zaɓa.

Kowace waya da shekarunta

Android shi ne tsarin da ke tafiyar da galibin wayoyin da ke hannunmu: Tecno, Itel, Infinix, Samsung da sauransu. Kamfanin Google ke kula da shi. Wayar farko mai Android ta fito a 2008, kuma tun daga nan kusan kowace shekara sai an fiddo sabo. Mu masu amfani muna ganin suna kamar Android 8 ko Android 13. Masu ƙera manhaja kuwa da wata lamba daban suke aiki, wadda suke kira matakin API, kuma ita ce ake rubutawa cikin manhaja.

Ga kaɗan daga ciki don mu riƙe. Android 4.4 na 2013 mataki na 19 ne. Android 5 na 2014 mataki na 21. Android 6 na 2015 mataki na 23. Android 7 na 2016 mataki na 24. Android 8 na 2017 mataki na 26. Android 10 na 2019 mataki na 29. Android 13 na 2022 mataki na 33. Android 14 mataki na 34, Android 15 na 35, sai Android 16 na 2025 wanda yake mataki na 36.

Wani zai ce, to me zai hana in ɗaga tawa wayar zuwa sabon Android? Nan gizo ke saƙar. Ba kai ke da wuƙa da nama ba, kamfanin da ya ƙera wayar ne ke turo sabuntawa in ya ga dama. Wayoyi masu araha da yawa, da Android ɗin da sunka fito kanti da shi suke tsufa har su mutu. Kenan ranar da ka sayi waya, ka sayi lambarta tare da ita.

Lamba ta farko: matakin shiga

A wurin masu ƙera manhaja sunanta minSdkVersion. Mu kira ta matakin shiga. Dokin ƙofa ce: wanda ƙafarshi ba ta kai ta ƙetare ba, waje zai tsaya. In mai ƙira ya rubuta 26, duk wayar da ke ƙasa da Android 8 ba za ta karɓi manhajar ba. Play Store zai ɓoye ta ko ya nuna maka wancan saƙon. In ka bi ta bayan gida, aka turo maka ta Xender ko ta Bulutus, ita kanta wayar za ta ƙi ɗora ta. Mai gyara ba shi da abin yi a nan, don ba abin da ya lalace.

Misalin da kowa ya sani shi ne WhatsApp. Daga 24 ga Oktoban 2023 ya bar aiki a wayoyin da ke ƙasa da Android 5. Masu Android 4.4, waɗanda wayarsu ke kira tana amsawa ba matsala, sunka wayi gari babu WhatsApp. A 2025 kuma masu iPhone 5s, 6 da 6 Plus sunka bi sahu, da anka ɗaga matakin shiga zuwa iOS 15.1. Ga mai zaune birni da albashi, ƙila maganar sayen wata ce kawai. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar odar kaya ta saƙon murya, ko tsohuwar da ta nan kaɗai take jin muryar ɗanta da ke ci-rani Aljeriya ko Kwaddebuwa, babbar magana ce.

To me ya sa masu ƙira ke ɗaga dokin ƙofar? Ba mugunta ba ce, akwai dalilai.

Na ɗaya, wahalar gwaji. Duk tsohon Android da ka ce manhajarka za ta yi aiki a kai, sai ka gwada ta a kai, ka gyara abin da ya karye. Lokaci ne da kuɗi.

Na biyu, ba wanda ke ƙera manhaja daga tushe shi kaɗai. Kamar magini ne da ke sayo bulo da ƙofa da taga wurin wasu. Akwai ɗaurin kayan aiki da ake ɗaukowa shiryayyu, kowanne da nashi matakin shiga. In sun ɗaga, dole kai ma ka ɗaga. Misali, a 2023 Google ya tsayar da sabunta hidimominshi na Play ga Android 4.4, a 2024 kuma ɗaurin kayan aikin nan da ake kira AndroidX ya koma farawa daga mataki na 21.

Na uku, tsaro. Tsohon Android da anka daina toshe ma ƙofofin ɓarayi hatsari ne ga manhajar da ke riƙe da kuɗin mutane. Shi ya sa manhajojin banki da na tura kuɗi sunka fi saurin barin tsofaffin wayoyi. Akwai kuma maganar takardar shaidar shafukan intanet, wadda ke tabbatar ma waya cewa shafin da ta shiga na gaskiya ne. Wata ƙungiya mai suna Let's Encrypt ke ba shafuka masu ɗimbin yawa wannan shaida kyauta, kuma tun 2024 wayoyin Android 7.0 zuwa ƙasa ba su gane shaidarta da kansu. Wanda ke son manhajarshi ta yi aiki a irin waɗannan wayoyi sai ya yi ƙarin aiki.

Duk da haka, zaɓi ne. Mutum ne ke zama ya rubuta lambar, kuma in ya rubuta ta sama da yadda ake buƙata, ya kori mutane ba gaira ba dalili.

Lamba ta biyu: matakin doka

Wannan ita ce targetSdkVersion. Mu kira ta matakin doka. Ba ta korar tsofaffin wayoyi. Magana ce da manhaja ke gaya ma waya: an gwada ni a kan Android kaza, ki bi da ni bisa dokokinshi.

Ku ɗauki baƙon da ya sauka gari. In ya ce ma mai gari ya san dokokin bana, za a bi da shi kamar kowa. In ya ce shi na shekara 10 baya ya sani, sai a riƙa yi mishi uzuri a wasu abubuwa. Haka Android ke yi. In manhaja ta ce matakinta na doka tsoho ne, sabuwar waya za ta sassauta mata wasu dokoki don kada ta lalace. Wannan sassauci an yi shi da kyakkyawar niyya, amma ya zama ƙofar da marasa gaskiya ke bi.

Ga yadda abin yake. Kafin Android 6, in za ka ɗora manhaja, a dunƙule take karɓar duk izinin da ta nema: lambobin mutanenka, saƙonninka, kamara, makirfo, inda kake. Ko ka yarda da duka, ko ka haƙura da manhajar. Daga Android 6, wato mataki na 23, sai anka canza: manhaja sai ta tambaye ka a lokacin da take buƙata, kai kuma kana iya cewa a'a. Amma wannan doka ta hau kan manhajar da ta rubuta 23 ko sama ne. Sai masu manhajar leƙen asiri sunka gane dabara, sunka riƙa rubuta 22 da gangan don su kwashi izini ba tare da tambaya ba.

Haka dokokin sunka ci gaba da ƙaruwa. Android 8 ya taƙaita abin da manhaja ke yi a ɓoye lokacin da ba ka buɗe ta ba, abin da ke cinye batir da mega. Android 10 ya fara killace ma'ajiyar waya don kada kowace manhaja ta riƙa shiga hotuna da takardun mutum yadda ta so. Android 13 ya kawo neman izini kafin manhaja ta dame ka da sanarwa, ya kuma raba izinin hoto da na bidiyo da na sauti. Da yawa cikin irin waɗannan kariya ba su cika aiki sai in matakin dokar manhajar ya kai gare su.

Ganin haka Google ya sa ƙafa. Tun Agustan 2018 ya wajabta ma duk sabuwar manhaja da za ta shiga Play Store ta kai mataki na 26, kuma kowace shekara yana ɗagawa. Daga 31 ga Agustan 2023 anka koma 33, a 2024 anka koma 34, a 2025 kuma 35. Manhajar da mai ita ya yi watsi da ita shekara da shekaru bai ɗaga ba, Play Store na daina nuna ta ga sababbin masu nema da ke riƙe da sababbin wayoyi. Ita kanta wayar ma ta shiga maganar: Android 14 ba ya yarda a ɗora manhajar da matakinta na doka bai kai 23 ba, Android 15 kuma ya ɗaga zuwa 24.

Kun ga kenan ƙin hawa iri biyu ne. Akwai tsohuwar waya da ta kasa ɗaukar sabuwar manhaja, wannan aikin matakin shiga ne. Akwai kuma sabuwar waya fil da ta ƙi tsohuwar manhaja, wannan aikin matakin doka ne. Wanda ya sayi sabuwar waya, ya kwaso tsofaffin manhajojinshi daga karte memwar, ya ga wasu sun ƙi hawa, ga dalilin nan.

Inda masu koyo ke ruɗewa

Kuskuren da ya fi yawa wurin mai fara ƙira shi ne ya ɗauka lambobin biyu abu guda ne. Ya ji Google ya ce sai 35, sai ya rubuta 35 a duka wuraren biyu. Da wannan rubutu guda ya rufe ƙofa ga duk wanda wayarshi ba ta kai Android 15 ba. A nan ƙasar, mutum nawa ya rage mishi?

Google bai ce a ɗaga matakin shiga ba. Matakin doka kaɗai ya wajabta. Manhaja na iya zama da matakin shiga 23 da matakin doka 35, ta yi aiki tun daga wayar 2015 har zuwa wadda ta fito bana. Aikin mai ƙira ne ya rubuta sharaɗi cikin manhajar: in wayar ta kai mataki kaza ki bi wannan hanya, in ba ta kai ba ki bi waccan. Akwai ma lamba ta uku, compileSdkVersion, amma ita ta ɗakin aiki ce, tana nuna da wane kayan Android anka harhaɗa manhajar a kwamfuta. Ba ta hana kowace waya komai, abin lura kawai shi ne kada ta gaza matakin doka.

A ɓangaren iPhone ma tsarin kusan haka yake. Mai ƙira ke zaɓen mafi tsufan iOS da manhajarshi za ta karɓa, kamfanin Apple kuma ke wajabta a harhaɗa ta da kayan aiki na kwanan nan kafin ta shiga App Store.

Akwai wani tarko kuma. In mutum ya buɗe sabon aiki a Android Studio, wato manhajar kwamfuta da ake ƙira da ita, da ya zaɓi matakin shiga sai ta nuna mishi kashi nawa cikin 100 na wayoyi za su iya ɗaukar manhajarshi. Lambar takan yi daɗin gani. Amma lissafin duniya ne baki ɗaya, har da Amurka da Turai da Japan, inda ake canza waya da wuri. Ba lissafin kasuwar Dakoro ko ta Matamai ba ne. Mu nan waya ba ta ritaya da wuri. Ta tashi daga hannun yaya ta koma na ƙane, daga nan ta tafi ƙauye wurin inna, an canza mata gilashi sau biyu da batir sau uku tana nan tana aiki. Abin da ya zama ɗan kaɗan a lissafin duniya, a wani garin namu yana iya zama mutane masu yawa.

Mu buga misali. A ce ƙungiyar manoman albasa a yankin Galmi ta sa a ƙera mata manhajar sanar da farashi. A ce membobi 200 ne masu babbar waya, 40 daga ciki na riƙe da Android 7 ko ƙasa. In mai ƙira ya rubuta 26 don ya rage ma kanshi aiki, mutum 40 sun fita. Kuma su wa? Galibi waɗanda ba su da halin sayen sabuwa, wato waɗanda sunka fi buƙatar sanin farashi kafin dillali ya iso gona. Kuɗin ƙungiya da su anka tara, amma manhajar ba ta san da su ba.

A ɗaya gefen kuma, kada a ce don tausayi sai an sauko har Android 4. In manhajar ta kuɗi ce ko ta bayanan marasa lafiya, barin ta a wayar da ba ta da kariya cutar da mai wayar ne. Abin da ya dace shi ne a ƙirga. A zagaya a duba wayoyin mutanen da za su yi amfani da ita, a rubuta Android ɗin kowa, sannan a yanke. In manhajar ta riga ta shiga Play Store, shafin masu ƙira na Google, Play Console, yana nuna Android ɗin da masu amfani da ita ke riƙe da shi. Waɗanda anka bari waje kuma a buɗe musu wata hanya: saƙon tes, lambobin da ake dannawa masu tauraro da ƙyaure irin na duba kiredi, ko shafin intanet mara nauyi.

Ga masu ba da aikin

Ƙungiyoyi, ma'aikatun magajin gari, makarantu da ƴan kasuwa da ke ba da kwangilar ƙera manhaja, kada ku tsaya ga kyan launi da tambari. Ku yi tambaya uku kafin ku sa hannu. Daga wane Android za ta fara aiki, kuma me ya sa? An gwada ta a ƙaramar waya irin ta mutanenmu, ko a babbar wayar mai ƙira kaɗai? Wa zai ɗaga matakin doka kowace shekara, kuma nawa ne kuɗin? Tambaya ta ukun ita ake mantawa. Manhaja ba gini ba ce da za a gama a miƙa makulli. In ba a sa maganar kulawa cikin yarjejeniya ba, bayan shekara 2 ko 3 sai a neme ta a Play Store da sabuwar waya a rasa.

A lura kuma, Android sabo ba shi ne ƙarfin waya ba. Akwai Android Go, wanda anka yi don wayoyi masu ƙaramin ƙarfi, kuma irinsu sun cika kasuwanninmu. Waya na iya ƙetare dokin ƙofa amma manhajar ta yi mata nauyi, ta riƙa tsayawa. Don haka gwaji a ƙaramar waya wajibi ne.

Ga mai waya a hannu

Ka san lambar wayarka. Shiga Paramètres, ka sauka ƙasa zuwa À propos du téléphone, ka nemi Version d'Android. Minti guda ya isa.

In za ka sayi waya ta hannu, wadda muke ce ma okaziyo, duba wannan wurin kafin ka duba kamara. Kyan jiki ba ya faɗin shekaru. Wayar da ke Android 7 ko 8 tana iya yin araha yau, amma tana bakin ƙofar fita, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. In da hali, ƙara kaɗan ka ɗauki wadda lambarta ta fi sama, za ta fi daɗewa tana karɓar manhajoji.

In ka ga saƙon rashin dacewa, kada ka biya kuɗin filashin kafin ka duba lambar Android ɗinka. Ka nemi ƙaramar fitowar manhajar in akwai, kamar Facebook Lite, ko ka shiga shafinsu ta Chrome.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi muhimmanci. In manhaja ta ƙi hawa, za a samu mai ce maka yana da wata da anka gyara, irin su GB WhatsApp, ko wata manhajar kuɗi da ba ta Play Store ba. Ka yi hattara. Ba ka san wa ya taɓa cikinta ba, ba ta bi ta tantancewar da munka faɗa ba, kuma WhatsApp da kanshi yana rufe lambobin masu amfani da irin waɗannan. Wayar da ke ɗauke da lambar sirrin kuɗinka da hotunan iyalinka ba wurin gwaji ba ce.

Masu tambaya kan wannan batu, ku aiko mana da sunan wayarku da lambar Android ɗinta, za mu duba tare a shiri na gaba in Allah ya kai mu.